Daga Salga Zuwa Tanki Mai Shaƙar Iska: Tarihin Ƙazamin Ruwa a Ƙasar Madarunfa

Gabatarwa

Idan aka ambaci Madarunfa, abin da kan fara zuwa a zuciyar mai sauraro shi ne tabki, da kushewun waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa. Wannan ruwa ne ya ja masunta da makiyaya da manoman rani. Shi ne kuma ya sa a 2006 Nijar ta gabatar da tabkin da dajin da kushewun cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, sannan a 2019 aka shigar da tabkin cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Amma akwai wani ruwan da ba a yi masa kirari, ba a kuma kai baƙo ya gan shi, wato ruwan da ke fita daga gida bayan wanka da wanki da biyan bukata. Bahaushe kan sakaya zancensa saboda kunya, shi ya sa ma sunayen wurin kusan duk kinaya ne: bayan gida, makewayi, ban-ɗaki. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan ruwa tun daga zamanin salga har zuwa sabuwar dabarar tanki mai shaƙar iska, domin a auna abin da ya dace da ƙasar Madarunfa daga cikinsu.

Fadama da jigawa

Gundumar Madarunfa tana kudu da birnin Maraɗi, ta yi iyaka da Najeriya daura da Jibiya. Ta ƙunshi Madarunfa da Ɗan Isa da Gabi da Safo da Jiratawa da Sarkin Yamma, kuma ƙidayar 2012 ta sami mutane kusan 450,000 a cikinta. Gulbin Maraɗi yana shigowa daga ƙasar Katsina ya ratsa gundumar, ya wuce Maraɗi da Tibiri, kafin ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Gulbin Gabi kuwa shi ke shayar da tabkin da damina.

Waɗannan gulabe sun raba ƙasar gida biyu. Akwai fadama, inda mai haƙa rijiya ba ya nisa yake cim ma ruwa, akwai kuma jigawa, inda sai an nutsa sosai. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Ramin salga da aka haƙa a jigawa yana da rairayi mai kauri a ƙarƙashinsa, wanda ke tace ƙazanta kafin ta kai ga ruwan ƙasa. Irin wannan ramin a fadama kuwa, idan damina ta yi nisa ruwan ƙasa ya taso, gindinsa na iya zama cikin ruwan da maƙwabci ke ja da guga.

Yadda magabata suka yi

Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Garin da suka zauna a cikin kwarin gulbi yake, kusa da ruwa da gonaki. A ƙauyukan wancan zamani daji ne makewayi, kuma da yake mutane ba su da yawa, rana da iskar rani kan busar da abin da aka bari. A cikin birni kuwa, musamman gidajen sarauta da na malamai da attajirai inda mata ba sa fita, akan haƙa salga a ƙuryar gida, a rufe bakinta, a riƙa zuba toka don kashe wari. Ruwan wanka kan bi ta rariya ya faɗa kwatami a bayan katanga. Shara da kashin dabbobi kan taru a juji, idan bazara ta gabato a ɗora wa jakai a mangala a kai gona.

Addini ma ya shimfiɗa nasa ƙa'idojin. Littattafan fiƙihun da almajiri ke fara karantawa a zaure, irin su Ahalari da Ishmawi, sun ba tsarki babban matsayi, kuma hadisai sun hana biyan bukata a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, sun hana fitsari a ruwan da ba ya gudu. Sai dai ma'aunin da malaman Malikiyya suka bayar na ruwan tsarki shi ne launi da ɗanɗano da ƙamshi. Wannan ma'auni na ibada ne, kuma ya wadatar a wurinsa. Ƙwayar cuta kuwa tana iya zama a ruwa garai-garai ba tare da ta sauya ko ɗaya daga cikin ukun ba, kuma a wancan lokaci babu wanda ya san da ita, ko a ƙasar Hausa ko a Turai.

Raunin wannan tsari yakan bayyana ne idan gari ya cika. Ramukan da aka ɗebi ƙasar gini kan zama kududdufai, duk ƙazantar unguwa ta gangara cikinsu. Clapperton da ya shiga Kano a 1824, da Barth da ya bi ta Tasawa da Gazawa da Katsina ya isa Kano a 1851, dukansu sun ambaci ruwan da ke kwance a tsakiyar birnin da illarsa ga lafiya. Maraɗi kuma ta ga nata darasin a 1945, lokacin da ambaliyar gulbi ta rushe tsohon garin. Faransawa suka mai da mutane kan tudu, suka yanka tituna masu faɗi a miƙe. Amma ba a shimfiɗa bututun kwasar ƙazamin ruwan gidaje irin na biranen Turai ba. Kowane gida ya ci gaba da ɗaukar nauyin nasa, gidajen ma'aikata da ofisoshi kuma aka yi musu abin da Faransawa ke kira fosse septique, wato rufaffen tankin masai.

Asalin rufaffen tanki

Ita ma Turai da wuya ta koyi wannan karatu. A 1854 kwalara ta kashe mutane sama da 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana lissafin mamata, ya gano cewa yawancinsu daga famfon titin Broad suke sha. Da aka tona daga baya, sai aka tarar da ramin ƙazantar wani gida dab da rijiyar, tazararsu ba ta kai mita 1 ba. Sai a 1883 zuwa 1884 Robert Koch ya tabbatar wa duniya da ƙwayar da ke haddasa cutar.

A wajen 1860 wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras, mutumin garin Vesoul, ya gina wani rufaffen ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ya haɗa shi da makewayin gidansa. Bayan shekaru fiye da 10 aka buɗe, aka tarar yawancin abin da ya shiga ya narke ya zama ruwa. Ya yi rajistar wannan dabara a 1881. A 1895 Donald Cameron na birnin Exeter a Ingila ya inganta ta, ya kuma raɗa mata sunan da ta yaɗu da shi a duniya.

Aikin wannan tanki mai sauƙin fahimta ne. Ƙazamin ruwa kan shiga ya tsaya kwana ɗaya ko fiye, mai nauyi ya kwanta a ƙasa, maiƙo ya taso sama, wasu ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa ba tare da iskar oksijin ba su riƙa cin abin da ya kwanta a hankali. Su ne ke fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai da aka san irin wannan tanki da shi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tankin ba ya gama aikin. Abin da yake ragewa na ƙazantar da ke ruɓewa bai cika wuce rabi ba, kuma ruwan da ke fita daga cikinsa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ƙasar da ruwan ke tsiyaya cikinta ita ke ƙarasa tacewa. Don haka ne masana suka shar'anta a bar aƙalla mita 1.5 tsakanin gindin rami da ruwan ƙasa, da kimanin mita 30 tsakaninsa da rijiya. Inda babu wannan tazara, rufaffen tanki ya zama salga mai tsada kawai.

Da aka ba ƙazanta iska

A 1914 wasu masana biyu, Edward Ardern da William Lockett, da ke aiki a matatar Davyhulme ta birnin Manchester, suka bayyana sakamakon wani gwaji. Sun riƙa hura iska cikin ƙazamin ruwa, kuma maimakon su zubar da laka mai ƙwayoyin bakteriya da ta kwanta, sai su mai da ita cikin sabon ruwa. Aikin da a da kan ci makonni sai ya koma ƙasa da kwana guda. Dalili kuwa shi ne, bakteriya masu shaƙar oksijin sun fi takwarorinsu na rufaffen wuri saurin ci nesa ba kusa ba, kuma abin da suke bari shi ne ruwa da iska marar wari da ƴar laka. A kan wannan dabara aka gina yawancin manyan matatun biranen duniya.

Daga baya aka ƙanƙanta ta ta zama ta gida guda. Tanki mai shaƙar iska yakan kasu ɗaki uku ko huɗu. A na farko mai nauyi ke kwantawa. A na biyu wani ƙaramin inji ke hura iska dare da rana, kamar yadda zugazugi ke raya wutar maƙeri. A na uku ruwan ke lafawa ya washe, a mai da lakar baya. Wasu kan ƙara na huɗu inda ake sa sinadarin kulorin don kashe sauran ƙwayoyin cuta. Idan komai na tafiya daidai, tankin kan rage kashi 85 zuwa 95 cikin 100 na ƙazantar da ke ruɓewa, ruwan ya fito ba wari, ba ya kuma bukatar fili mai yawa kafin ƙasa ta shanye shi. Duk da haka bai zama ruwan sha ba, kuma lakar da ke taruwa dole a riƙa kwashe ta.

Japan ce ƙasar da ta fi kowa riƙon wannan hanya. Sunan tankin a can jokaso, kuma a 1983 aka yi masa doka ta musamman wadda ta wajabta dubawa da kwashe laka da binciken hukuma a kai a kai, ta kuma tanadi masu gyara da ke da takardar ƙwarewa. Faransa ta buɗe ƙofar amincewa da irin waɗannan ƙananan matatu na gida a 2009. Nijar ma ta taɓa ganinsa: a farkon shekarun 2000, cikin wani nazari kan tsabtar birnin Yamai da hukumar JICA ta Japan ta gudanar, an gina matatun gwaji, ɗaya daga cikinsu jokaso ce a wata makarantar firamare ta unguwar Bandabari.

Hanyar da ƙasar Maraɗi ta bi

A karkarar Nijar tarihi ya bi wata hanya dabam. Kwalara ta shigo Afirka ta Yamma ta ƙasar Gini a 1970, kafin ƙarshen 1971 ta riga ta yi ɓarna a Nijar, tun daga nan kuma takan dawo lokaci bayan lokaci. Shekaru 10 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ruwan sha da tsabta, daga 1981 zuwa 1990, sun kawo rijiyoyin siminti da na burtsatse, amma ɓangaren makewayi ya zauna a baya. Dabarun da suka iso kuwa daga cikin Afirka suka fito. A Zimbabuwe, cikin shekarun 1970, Peter Morgan ya ƙirƙiro salga mai bututun iska da raga a kansa, wanda ke fitar da wari ya kuma kama ƙuda. A Mozambik aka fito da murfin siminti mai sauƙin wankewa da ba ya cin kuɗi. Cibiyar CREPA da aka kafa a Wagadugu a 1988 ta yaɗa waɗannan dabaru a ƙasashe masu magana da Faransanci, a 1993 kuma Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a.

Sai dai an lura cewa salgar da aka gina wa mutum kyauta sau da yawa takan koma rumbu ko ɗakin kaji. Wannan ya sa aka karɓi hanyar da Kamal Kar ya fara a Bangaladash wajen 2000, wadda ta shigo Nijar a 2009 da sunan ATPC. A wannan hanya ba a ba kowa siminti. Akan zagaya da mutanen gari su ga inda ake biyan bukata, su ga yadda ƙuda ke tashi daga can ya sauka a kan tuwo, sannan su yanke wa kansu shawara. A daidai wannan lokaci, a ƙasar Agiye, wani shiri ya koya wa manoma tara fitsari a jarka a rufe har ƙwayoyin cuta su mutu, aka sa masa suna takin ruwa. Daga 2014 zuwa 2016 matan ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya sun gwada irin wannan taki, wanda suka kira Oga, a gonakinsu na hatsi, aka sami ƙarin amfani na kimanin kashi 30 cikin 100. Tsohuwar hikimar juji da mangala ce ta dawo da sabuwar riga.

Duk da wannan ƙoƙari, ƙididdigar hukumomin duniya ta farkon shekarun 2020 ta nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen Nijar a fili suke biyan bukata. Madarunfa ta ɗanɗana sakamakon haka a daminar 2018. Ranar 5 ga Yuli wasu mutum 3 ƴan gida ɗaya suka tsallako daga Jibiya neman magani a wata cibiyar lafiya ta bakin iyaka, suna fama da amai da gudawa. Zuwa 1 ga Oktoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa mutum 3,692 da suka kamu a jihohin Maraɗi da Doso da Tawa da Damagaram, 68 suka rasu, kuma gundumar Madarunfa ce ta fi kowace yawan majinyata. A 2021 cutar ta sake dawowa ta kama sama da mutum 5,000 a faɗin ƙasar. Ba daidai ba ne a ɗora laifin a kan baƙi, domin mutanen Jibiya da na Ɗan Isa dangin juna ne, kasuwarsu ɗaya, gulbinsu ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daidai ruwa, daidai tsaki

Idan aka dubi ƙasar fadama kawai, tanki mai shaƙar iska kamar don ita aka yi shi, tunda yana gama yawancin aikin tacewa kafin ruwan ya taɓa ƙasa. Amma yana da sharuɗɗa uku masu nauyi.

Na farko wutar lantarki ce wadda ba ta yankewa. Injin da ke cin wat 60, idan ya kwana ya wuni yana aiki, zai sha kilowat-awa sama da 500 a shekara. Idan ya tsaya na ƴan kwanaki, bakteriya masu shaƙar iska kan mutu, tankin ya koma rufaffe mai wari. A Nijar kuwa kimanin mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki, a karkara abin ya fi haka ƙaranci. Wutar Maraɗi ta daɗe tana dogaro da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo da ita ba sai a 2024.

Na biyu shi ne ruwa. An ƙera tankin ne don gidan da ke da famfo da masai na zuba ruwa, inda ƙazanta ke gudana kullum. Gidan da mace ko yarinya ke ɗauko ruwa a ka, ake kuma tsarki da buta, ba ya fitar da ruwan da zai ciyar da shi. Na uku shi ne mai gyara da kayan gyara. Abin da ya riƙe jokaso a Japan shi ne dokar da ta sa ake zuwa dubawa, da ƙwararrun da ke cin abinci da wannan sana'a. Inji marar mai kula da shi ya fi salga mai murfi hatsari, domin mai gida zai saki jiki yana zaton ruwan da ke fita mai tsabta ne.

Saboda haka wurin da wannan tanki zai fi amfani a ƙasar Madarunfa shi ne inda mutane ke taruwa kuma akwai mai ɗaukar alhaki: asibiti, makarantar kwana, masaukin baƙi, tashar iyaka, da duk wani babban gini da za a yi kusa da tabki. A irin waɗannan wurare faranti mai zuƙo hasken rana da batir na iya riƙe injin, a kuma ɗauki ma'aikaci a horar da shi. Ga sauran gidaje kuwa, ilimin da Ardern da Lockett suka gano ba ya bukatar inji ko yaushe. Ruwan da ya fito daga rufaffen tanki ana iya bi da shi ta kan gadon rairayi da tsakuwa, ko ta cikin fili mai ciyayin fadama, dabarar da Käthe Seidel ta fara gwadawa a Jamus cikin shekarun 1950, inda iska ke shiga da kanta. A fadama ana iya ɗaga salga sama da ƙasa a kan dakali, a yi mata rami biyu marasa zurfi, idan ɗaya ya cika a rufe shi shekara 1 ko 2 har ya zama taki. Ɗaga salga ya ƙara zama tilas ganin irin ruwan saman da ya rushe gidaje ya kuma ci rayuka a birnin Maraɗi a ƙarshen Agustan 2024, domin ambaliya takan kwaso abin da ke cikin rami ta raba wa unguwa.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa tun daga salgar tsohon birnin Maraɗi har zuwa jokaso, tambayar ɗaya ce: me ke tsakanin ramin ƙazanta da bakin rijiya? Wani lokaci rairayin jigawa ne, wani lokaci inji ne, wani lokaci kuma babu komai, kamar yadda aka gani a titin Broad a 1854. Malamin makaranta na iya sa ɗalibansa su auna da taku tazarar da ke tsakanin makewayi da rijiyar unguwarsu, su kuma tambayi masu haƙa rijiya zurfin ruwa da rani da damina. Ƙungiyoyin al'adu, waɗanda suka saba isar da saƙo mai nauyi ta wasan kwaikwayo da raha, su ne suka fi kowa iya buɗe zancen da kunya ta rufe, musamman a ranar 19 ga Nuwamba da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa makewayi tun 2013. Alfarmar da ake ba kushewun waliyyai ta kamata ta haɗa da ruwan da suke kwance a bakinsa, domin daga wannan ruwa ake kamun kifi, ake shayar da dabbobi, a cikinsa kuma yaran garin ke wanka.